Shin laifi ne a yi wa mai rabon shinkafa dariya?

TAMBAYA: Assalamu alaikum, Malam. A azumin da ya wuce ɗan majalisarmu ya raba shinkafa a unguwarmu, ƙananan buhuna masu kilo biyar-biyar, kowane buhu da ƙaton hotonsa yana murmushi. Sai na ɗauki hoton buhun na sa a Facebook, na rubuta a ƙasa: "Hoton ya fi shinkafar nauyi." Mutane suka yi ta dariya suna yaɗawa. Da kawuna ya gani sai ya aiko aka kira ni, ya yi mini faɗa sosai. Ya ce yi wa mai sadaka izgili aikin munafukai ne, har ya karanto mini aya a Suratut Tauba, ya kuma ce hassada ce ke damun matasan yanzu. Abin da ya fi damuna shi ne mahaifiyata tana cikin waɗanda suka karɓi buhun. Malam, me ya sa yanzu da zarar wani babba ya yi rabo sai a mai da shi abin dariya? Kuma ni na yi laifi? Daga ɗalibinku a Zariya.

AMSA: Wa alaikumus salam, ɗana. Sai da na gama dariya kafin na ɗauki alƙalami, don haka in laifi ne, mu biyu ne a ciki.

Bari in fara da kawunka, domin ba haka kawai ya yi magana ba. Ayar da ya karanto maka ita ce ta 79 a Suratut Tauba, wadda ta yi tir da masu aibata muminai kan sadakar da suka bayar don raɗin kansu. Bukhari ya ruwaito daga Abu Mas'ud cewa da aka umarce su da sadaka, sahabbai har dako suka riƙa yi don su samu abin bayarwa. Abu Aƙil ya kawo rabin sa'i, munafukai suka ce Allah ba Ya buƙatar wannan. Wani ya kawo abin da ya fi haka, suka ce riya ce. Ka ga babu wanda ya tsira daga bakinsu. Wannan gargaɗi ne mai nauyi, kuma duk mai zolayar masu bayarwa ya kamata ya san da shi. Amma ka lura da waɗanda ayar ta kare. Mutane ne da suka ɗauki kaya, aka biya su, suka kawo guminsu. Tambayar da ke ƙarƙashin wasanka, ko ka sani ko ba ka sani ba, ita ce: wannan shinkafar gumin wane ne?

Ni fannina adabin baka ne, kuma abin da ya daɗe yana ba ni sha'awa shi ne yadda bakin Bahaushe ya sauya wanda yake sara. A da, wanda ake yi wa zambo shi ne marowaci. Maroƙi ya zo ƙofar gidanka ya wasa ka, ya wasa kakanninka, in ka ba shi ya kai sunanka kasuwa, in ka hana shi ya kai ka kasuwar dai, amma a tsiraice. 'Yan gambara sun yi suna a wannan. Mai kyauta kuwa kirari ne rabonsa, kuma babu wanda ya damu da cewa a bainar jama'a ya bayar. Sanƙira ma aikinsa ke nan, ya ɗaga kyautar sama ya faɗi adadinta da sunan mai ita don kowa ya ji. Wato Bahaushe bai taɓa ƙin kyautar fili ba. Alƙur'ani ma, a aya ta 271 ta Suratul Baƙara, ya ce in an bayyana sadaka to madalla da ita, in an ɓoye aka ba matalauta ya fi alheri.

To me ya canja? Tushen dukiyar ne ya canja. Attajirin da, kowa ya san inda ya samo. An ga ayarinsa ya tafi Gwanja ya dawo da goro, an ga buhunan gyaɗarsa. Alhassan Ɗantata da ya rasu a 1955, duk Kano ta san da fatauci ya tara. Irin wannan mutum in ya yi kyauta, nasa ya rage. Shi ya sa Hausa ta bambanta mai kuɗi da mai arziki: na farko yana da su, na biyu ana ci a inuwarsa. Yau kuwa sai ka ga mutumin da shekara huɗu da suka wuce tare kuke jiran motar haya, an rantsar da shi, ya gina gida mai hawa uku, sannan ya dawo da tirelar shinkafa. Maroƙi dai zai wasa shi, don sana'arsa ke nan. Amma mutumin da ke tsaye a bayan taro lissafi yake yi a zuciyarsa, kuma daga wannan lissafin barkwancin ke fitowa.

Kuma lissafin ba na banza ba ne. An daɗe ana ware naira biliyan 100 duk shekara a kasafin kuɗin tarayya don ayyukan mazaɓu na 'yan majalisa 469, sanatoci 109 da wakilai 360. Tun 2019 hukumar yaƙi da cin hanci ta ICPC ta fara bin diddigin waɗannan ayyuka, kuma abin da ta yi ta kuka da shi shi ne ayyukan da ake kira tallafi da horarwa, domin rijiyar burtsatse ana iya zuwa a gani ko tana nan, amma keken ɗinki da buhun shinkafa da zarar an raba shi ke nan, babu mai iya ƙirgawa. Ban ce shinkafar unguwarku daga nan ta fito ba, mai yiwuwa ne daga aljihunsa ya saya, kuma akwai masu yin hakan. Sai dai in daga baitulmali ta fito, sunanta ba sadaka ba, kuma hoton da ya dace da buhun shi ne na mahaifiyarka, tunda kuɗinta ne. Hausawa na cewa kowa ya ci shinkafar rance tasa ya ci. Wannan karon ma ba rance ba ne, tasa ce tun farko, aka ba shi ita aka ce ya yi godiya.

Na taɓa halartar irin wannan rabo a filin wata sakatariyar ƙaramar hukuma. An kafa rumfa biyu. Ta manya tana da kujerun kushin da ruwan roba a cikin ƙanƙara, ɗayar kuma ta jera buhunan ce, don kada rana ta ɓata hoton da ke jikinsu. Matan da za a bai wa suna zaune a ƙasa tun hantsi, wasu da goyo, kowace ta riƙe ɗan katin da mai unguwa ya ba ta kamar takardar asibiti. Mai girma bai iso ba sai bayan azahar. Aka yi jawabi bakwai. Da aka zo rabo sai aka zaɓo wata tsohuwa aka kawo ta gaba, aka ɗora mata buhu a hannu, mai ɗaukar hoto yana cewa, "Iya, juyo da fuskar Oga waje. A'a, ɗaga sama. Yi dariya mana, Iya." Ta yi dariyar. Aka ɗauka sau uku saboda na farko hular wani ta shiga. Da ta dawo wurin zamanta sai na ji ta ce wa ta kusa da ita, a hankali, "Yau na yi aikin fim, an biya ni da shinkafa." Duk karatuna na zambo ban taɓa rubuta layin da ya kai wannan ba. Kuma ka lura, ba ta ƙi karɓa ba, ba ta kuma zagi kowa ba. Ta dai sanar da ta kusa da ita cewa ta gane cinikin da aka yi.

Aya ta 264 a Suratul Baƙara tana hana a ɓata sadaka da gori da cutarwa, ta kuma kwatanta mai bayarwa don mutane su gani da falalen dutse da ƙasa ta rufe, ruwa ya zo ya wanke. Zaman awa biyar a rana da juyo da fuskar Oga, in ba su shiga cikin cutarwa ba, sun tsaya a bakin ƙofarta. Idan kawunka zai karanta maka aya ta 79 a Tauba, ya kyautu wani ya karanta wa masu shirya taron wannan.

Misalan da suka shiga bakin duniya suna da yawa, kuma ba duka ne hukuncinsu ɗaya ba. A 2014 Ayo Fayose ya ci zaɓen gwamnan Ekiti da siyasar rabon shinkafa, har ya naɗa mataimaki na musamman kan abin da ya kira gina ciki, wato kamar yadda ake gina titi haka za a gina tumbi. Shi bai ɓoye ba, da kansa ya mai da abin wasa, kuma sunan ya zauna a siyasar Najeriya har yau. A ƙarshen 2017 gwamnatin Ganduje a Kano ta kashe naira miliyan 208 wajen bai wa masu shayi 5,200 kayan sana'a, aka yi ta dariya a faɗin ƙasa. Ni a nan ban bi masu dariyar ba. In ka raba kuɗin, kowane mai shayi ya tashi da kayan naira 40,000, kuma duk wanda ya san teburin mai shayi ya san mutum nawa ke ci a ƙarƙashinsa. Yawancin masu dariyar raina sana'ar suka yi, wannan kuwa girman kai ne da rigar barkwanci. A 2024 Sanata Rufa'i Hanga na Kano ta Tsakiya ya ba da likkafani da tukwanen rufe kabari ga maƙabartu, mutane suka yi ca, ana cewa an zaɓe shi don masu rai ya tafi yi wa matattu tanadi. Duk wanda ya taɓa kai gawar talaka maƙabarta a Kano ya san tukwanen nan abin buƙata ne, kuma da wani attajiri ne ya bayar a ɓoye da addu'a zai sha. Abin da ya jawo dariyar shi ne kujerar da mai bayarwar ke kai, da lokacin da aka bayar, ana tsakiyar tsadar da ta biyo bayan cire tallafin man fetur a ranar 29 ga Mayu, 2023. Mutumin da bai ci abincin rana ba aka nuna masa likkafani.

Wanda ya fi kowanne koyar da darasi a wurina shi ne na watan Agustan 2023. Majalisar dattawa za ta tafi hutu, shugabanta Godswill Akpabio ya sanar, ana haska zaman kai tsaye, cewa an tura wa kowane sanata ɗan abin hutu a asusunsa. Da aka ankarar da shi cewa duniya na kallo, sai ya janye, ya ce addu'a ce aka tura musu a akwatin saƙo. Daga ranar kalmar addu'a ta samu sabuwar ma'ana a bakin 'yan Najeriya. Abin da ya sa wasan ya yi kaifi shi ne an saba da akasinsa: talaka ne in ya je neman taimako ake sallamarsa da "Allah Ya rufa asiri", manya kuma a tura musu kuɗi. Ranar sai aka ji manya na kiran kuɗinsu addu'a. Haka ma a Oktoban 2020, da jama'a suka fasa rumbunan kayan tallafin korona a Jos da Kaduna da Legas da wasu garuruwa, aka samu kayan a gidan wani ɗan majalisar jihar Legas, ya ce ai ya ajiye ne zai raba ranar bikin zagayowar haihuwarsa. Irin wannan ba ya buƙatar mai barkwanci, maimaita maganar kawai ya isa.

Wannan ɗabi'a ta faɗa wa manya magana cikin wasa ba Facebook ne ya kawo ta ba. 'Yan kama sun daɗe suna shiga irin ta malamai, da rawani da gafaka, su zauna su yi ta jan baƙi da murya irin ta wa'azi, alhali duk karatun na tuwo ne da miya da nama. Malaman da kansu kan yi dariya su ba su sadaka. Tashe kuma, da ake farawa bayan azumi ya kai goma, wata kafa ce da al'ada ta buɗe don yara da matasa su kwaikwayi tsoho da mai magani da gwauro, a yi dariya a kuma ji saƙo. Da wasa ake faɗa wa wawa gaskiya, in ji masu magana, kodayake sau da yawa wanda ake faɗa wa ba wawa ba ne, mai ƙarfi ne da ba a iya tunkararsa kai tsaye.

Yanzu ga inda nake ganin kawunka ya fi ka gaskiya, ko da bai faɗe shi haka ba. Akwai barkwancin da ke sauka a kan mai bayarwa, akwai wanda ke zamewa ya faɗa kan mai karɓa. Tun bayan zaɓen 2023, da zarar talaka ya yi kukan tsada sai ka ji an ce ai ku kuka sayar da ƙuri'arku da taliya. Wannan magana tana ba ni haushi. Matar da ke da marayu huɗu ba ta karɓi taliya don ba ta san darajar ƙuri'a ba, ta karɓa ne don da daren nan akwai bakunan da za su tambaye ta. Kuma layin rabo wuri ne da ake mutuwa. A Maris 2024 mutane sun mutu a turmutsutsin karɓar zakka a Bauchi, galibinsu mata. A Disambar shekarar, cikin 'yan kwanaki, yara 35 suka mutu a Ibadan, mutum 22 a Okija ta jihar Anambra, 10 a wata coci a Abuja, duk a wajen rabon abinci ko kuɗi. Wanda ya san wannan ba zai yi wa mai bin layi dariya ba. Naka wasan, in na auna shi, bai taɓa mahaifiyarka ba, hoton ya nufa. Amma kawunka ɗan'uwanta ne, kuma ina jin abin da ya gani shi ne 'yar'uwarsa ta dawo da buhu a ka, ɗanta kuma ya sa buhun a gaban duniya. Ciwon da ya ji ke nan, ayar kuma ita ce abin da ya samu a kusa.

Batun hassada ma kada ka yi saurin wanke kanka da sauran matasa. Tana nan. Akwai wanda ko mutum ya gina asibiti da halalinsa sai ya nemo abin faɗa. Akwai kuma sojojin baka da ake biya su yi wa rabon abokin hamayya ba'a, gobe nasu ubangidan ya raba irin buhun su ce ba a taɓa yin mai tausayi kamarsa ba. Gwajin da nake yi wa kaina mai sauƙi ne: da ɗan jam'iyyar da nake so ne ya manna hotonsa, zan rubuta wannan layin? Kuma ka duba, akwai gidajen attajirai a Kano da aka shafe shekaru ana dafa abinci kullum ana rabawa, irin gidan Hajiya Mariya Sanusi Ɗantata, ba ka cika jin an mai da su abin dariya ba. Jama'a suna bambancewa fiye da yadda manya suke zato.

Akwai kuma wani lissafi da masu kuɗi ba su cika son a yi ba. Zakkar kuɗi ɗaya bisa arba'in ce. Wanda naira biliyan ɗaya ta shekara a hannunsa, miliyan 25 ba tasa ba ce, ta mutanen nan takwas ce da aya ta 60 a Suratut Tauba ta lissafa. Alƙur'ani haƙƙi ya kira rabon mai roƙo da wanda ya rasa a cikin dukiyar mai dukiya. Mai biyan bashi kuwa ba a yi masa guɗa. Dukiyar da aka ɗebo daga amanar jama'a ma tata ta fi tsanani, domin hadisin Muslim ya ce ba a karɓar sadaka daga abin da aka yi ha'inci a kansa. Saboda haka malamai da masu barkwanci sun fi kusa da juna a wannan batu fiye da yadda kowannensu zai so ya amsa.

Sai ka kula da fatarka. A Nuwamban 2022 wata kotun majistare a Kano ta yanke wa wasu matasa biyu masu barkwanci a TikTok hukuncin bulala ashirin-ashirin da tara da sharar harabar kotu na kwana 30, saboda bidiyon da suka yi kan gwamnan lokacin. A watan dai aka kama wani ɗalibin jami'ar tarayya ta Dutse kan rubutun da ya yi game da uwargidan shugaban ƙasa ta lokacin, Aisha Buhari, ya kwana a gidan yari kafin a janye ƙarar bayan jama'a sun yi ta surutu. Sashe na 24 na dokar laifukan intanet ta 2015 shi ne sandar da aka fi ɗauka, kuma ko da aka yi masa gyara a 2024 ba a daina kama mutane ba. A nan ne hikimar kakanninmu take da amfani. Zambo yana kama mutum da suna ko da siffar da ba ta ɓuya, habaici kuwa jifa ne a kasuwa, ba ya ambaton kowa, mai kaza a aljihu ne ba ya jimirin as. Cewa hoto ya fi shinkafa nauyi ra'ayi ne kan abin da kowa ya gani da idonsa. Cewa wane ɓarawo ne zargi ne da sai ka kawo hujja, a gaban alƙali da kuma gaban Allah. Ka tsaya a na farkon.

Game da kawu, kada ka je masa da ayoyin nan kamar mai shirin muƙabala, ba za ka ci riba ba ko da ka fi shi hujja. Ka je da yamma ka gaishe shi, ka ce, "Kawu, na ji faɗanka, kuma ban yi don in kunyata Inna ba." In ya sauko, shi da kansa zai ba ka labarin wani rabon da aka yi a zamaninsu wanda ya fi naka ban dariya, don babu dattijon da ba shi da irinsa. Ita kuma Inna ka tambaye ta ko rubutun ya ɓata mata rai. In ta ce ya ɓata, ka goge shi, mutum dubu da suka yi dariya ba su kai ta ba. In kuma ta yi murmushi ta ce shinkafar ma duk tsakuwa ce, to ka san inda ka gado bakin.